Yadda za ka zaɓi wayar wutar kwamfutar tebur wadda ba za ta jawo maka asara ba

Wayar da ke ɗauko wuta daga soket ta kai wa kwamfutar tebur kusan duk kamarsu ɗaya: baƙa, filogi a wannan gefe, kai mai rami uku a wancan gefe. Kowace ka ɗauka za ta shiga bayan kwamfutar, ka danna maɓalli kuma ta tashi. Wannan ne ya sa mutane da yawa ba sa duba komai idan tasu ta ɓata ko ta lalace, sai su ce wa mai shago ya ba su ta araha. Amma kama da wane ba ta wane. Shigar waya ramin fawa-fak, wato akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kayan cikin kwamfuta, ba shaida ba ce cewa za ta iya ɗaukar wutar. Abin dubawa uku ne: yawan jan ƙarfen da ke cikinta, wayar at da ke sauke wuta zuwa ƙasa, da kuma fis ɗin da ke cikin filogi. Dukansu a ɓoye suke cikin roba, don haka sai an san yadda ake gano su.

Kafin ka saya, ka tabbatar wayar ce ta mutu. Ciro ta allon kwamfuta ka gwada, domin galibi iri ɗaya ce. Duba ƙaramin makunnin da ke bayan fawa-fak, gefen da aka rubuta I shi ne kunnawa, O kashewa. Buɗe filogin ka duba fis, sau da yawa shi kaɗai ne ya ƙone. Sannan ka haska tocila cikin ramin da wayar ke shiga a bayan kwamfutar. Idan ka ga ƙarafan nan uku sun yi baƙi, ko robar gindinsu ta narke, ko ɗaya yana girgiza, to sabuwar waya ba za ta yi maganin komai ba, ita ma wurin zai cinye ta. Wannan aikin mai gyara ne, ko kuma a canja fawa-fak ɗin gaba ɗaya. Kada ka buɗe shi da kanka, akwai kayan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare shi daga bango.

Kan da ke shiga kwamfuta

Akwai ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60320 da ta tsara waɗannan kawuna. Wanda ke jikin waya mai rami uku sunansa C13, wanda ke jikin fawa-fak mai ƙarafa uku kuma C14. A ƙa'idar an yi su ne don amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) a bolt 250, kuma a jikin kan kirki za ka ga an zana 10A 250V. Ƙarfen tsakiya shi ne na at, ya ɗan fi sauran biyun tsawo, domin ya riga su haɗuwa idan ana sakawa, ya kuma zama na ƙarshen rabuwa idan ana zarewa.

Akwai wasu da ke kama da shi. C15 yana da ɗan tsagi a ƙasansa, an yi shi ne don kayan da ke zafi har digiri 120, shi kuwa C13 iyakarsa digiri 70. C15 zai shiga kwamfuta lafiya lau. Manyan fawa-fak irin masu wat 1600 da na saba (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) suna amfani da C19 da C20, masu kusurwa huɗu, ƙarafansu a kwance, waɗanda ke ɗaukar amfiya 16. Cajar laftof kuma ko dai C5 mai ramuka uku zagayayyu, ko C7 mai siffar lamba 8, kuma dukansu amfiya 2.5 ne. Ka ɗauki hoton bayan kwamfutarka ka tafi da shi kasuwa, ya fi ka tsaya kwatance.

Idan ka samu wayar, ka gwada yadda kan ke kamawa. Ya kamata ya shiga da ɗan ƙarfi, ya zauna daram. Kan da ke shiga sakwa-sakwa, ana taɓa shi yana motsi, ƙarafan cikinsa ba sa matse na kwamfutar. Nan ne wuta ke tartsatsi, wurin ya yi zafi, roba ta fara narkewa, kwamfutar kuma ta riƙa mutuwa haka kawai idan an taɓa tebur.

Wutar da kwamfutarka ke ja

A jikin fawa-fak akwai takarda. Nemi layin da aka rubuta AC INPUT, za ka ga wani abu kamar 100-240V da adadin amfiya. Idan an ba da adadi biyu, babban na ƙasashe masu bolt 110 zuwa 120 ne, ƙaramin kuma na masu 220 zuwa 240 irin Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru.

Kana iya yin lissafin da kanka. Wat ɗin da aka rubuta a jikin fawa-fak shi ne abin da yake bayarwa, abin da yake ja daga bango ya fi haka, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Ɗauki mai wat 500 da ke mayar da kashi 80 cikin 100 na abin da ya ja. Idan aka cika masa kaya zai ja wat 625. Raba 625 da bolt 230, ka samu kusan amfiya 2.7. Mai wat 1000 da ke mayar da kashi 90 zai ja wajen wat 1110, wato kusan amfiya 4.8. Kwamfutar ofis ta yau da kullum ba ta ma kai amfiya 1 a yawancin aikinta.

Sai dai akwai abin da ya shafe mu sosai: wuta marar ƙarfi. Fawa-fak ba ya rage cin sa don wuta ta yi ƙasa, ƙara jan amfiya yake yi don ya cike giɓin. Wat 625 ɗin nan a bolt 180 ya zama kusan amfiya 3.5. Zafin da waya ke yi kuma ba daidai da amfiya yake hawa ba, idan amfiya ta ninka biyu zafi ninkawa huɗu yake yi. Ga kuma zafin gari. Robar PVC da aka naɗe wayar da ita iyakarta digiri 70, kuma adadin amfiyar da ake rubutawa an auna shi ne a ɗakin da bai wuce digiri 30 ba. A watan Afrilu, a shagon da ke da rufin kwano a Kano ko Maraɗi, zafi kan wuce digiri 40 tun kafin a kunna komai. Saboda haka kada ka sayi waya daidai-wa-daida, ka bar rata.

Karanta rubutun jikin waya

Wayar kirki tana ɗauke da rubutu a jikin robarta, ana maimaita shi daga farko har ƙarshe. Wadda babu rubutu ko kaɗan a jikinta, ka ajiye ta. A kan ta tsarin Turai za ka ga irin wannan: H05VV-F 3G0.75mm² ko 3G1.0mm². 05 na nufin tana ɗaukar bolt 300/500, VV na nufin robar ciki da ta waje duk PVC ce, F na nufin mai laushi ce da aka yi da siraran silla, 3G na nufin wayoyi uku har da ta at, lambar ƙarshe kuma kaurin jan ƙarfen kowace waya ce.

Mai 0.75mm² a asali ta amfiya 6 ce, an yarda ta ɗauki 10 idan tsawonta bai wuce mita 2 ba. Ta ishi kwamfutar ofis da allonta. Mai 1.0mm² amfiya 10 ce, kuma ita muka fi ba da shawara ga duk fawa-fak daga wat 600 zuwa sama, ko wayar da ta wuce mita 2. Mai 1.5mm² tana ɗaukar amfiya 16, ita ce ta C19. Duk wadda aka rubuta 0.5mm² ba ta kwamfutar tebur ba ce.

Wayoyin Amurka da wani ma'auni suke zuwa, AWG, kuma a nan ƙaramar lamba ita ce mai kauri. 18AWG ta ɗan fi 0.75mm² kaɗan, amfiya 10. 16AWG wajen 1.3mm² ce, amfiya 13. 14AWG wajen 2mm², amfiya 15.

Matsalar ita ce rubutu ba shi da wuyar bugawa, masu jabu ma suna buga shi. Kaurin waje ma ba ya nuna komai, domin roba ta fi jan ƙarfe araha nesa ba kusa ba. Sai a cika roba, a zura ɗan siririn ƙarfe a tsakiya. Wani lokaci ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa ruwan jan ƙarfe a baya. Alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucarwa yake iya wucarwa, ga saurin karyewa idan ana lanƙwasa shi. Baƙin ƙarfe ya fi shi muni ƙwarai.

Ga bambancin a lissafi. Wayar gaske mai 0.75mm² da tsawon mita 1.8, idan amfiya 3 na bi ta cikinta, zafin da take fitarwa bai kai wat 1 ba. A ce ta jabu ce mai alminiyam 0.2mm², zafin zai kai wajen wat 4.5. Idan wani ya ga an rubuta 10A ya ɗauke ta ya saka wa tukunyar dafa shinkafa ko wani abu da ke jan amfiya 10, zafin zai kai wat 50 a cikin roba. Nan ne gobara ke tashi.

A shago, abin da za ka iya yi shi ne ka riƙe ta a hannu ka kwatanta da wadda ka san ta asali ce. Ta jabu ba ta da nauyi. Ka matse ta da yatsu, idan ka ji kamar babu komai a ciki sai roba, ka bar ta. Ka kara maganaɗisu mai ƙarfi a jikin wayar, can nesa da filogi. Jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, idan ka ji yana ja to baƙin ƙarfe ne a ciki. Wannan gwajin ba ya kama alminiyam.

Idan da yawa za ka saya, na makaranta ko cibiyar jarrabawa ko ofis, ka sadaukar da guda ɗaya ka yanka ta. Fere robar ka ƙirga silla. Ta 0.75mm² yawanci silla 24 ce masu kaurin milimita 0.2, ta 1.0mm² kuma 32. Ka kankare sili ɗaya da reza. Idan bayansa ja ne cikinsa fari, alminiyam ne. Idan bayansa fari ne cikinsa ja, wannan jan ƙarfe ne da aka shafa wa kuza, ba laifi. Ka kara masa wutar ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya yadda yake, alminiyam kuwa nan take zai lanƙwashe ya zube. Ka kuma tabbatar wayoyi uku ne a ciki, domin akwai masu filogi ƙafa uku amma waya biyu kacal a ciki.

Wayar at

Fawa-fak akwatin ƙarfe ne da aka ɗaure da sukurori a jikin akwatin kwamfuta, shi ma ƙarfe. Idan wata waya mai wuta ta taɓa jikinsa daga ciki, wayar at ce za ta kwashe wutar zuwa ƙasa da ƙarfin da zai ƙona fis ko ya sauke bireka. Idan babu ita, akwatin zai zauna ɗauke da bolt 230 yana jiran wanda zai taɓa.

Ko babu wata matsala ma, a cikin fawa-fak akwai wasu ƙananan kayan tace wuta da ke zubar da ɗan abu kaɗan ta wayar at. Idan ta yanke, jikin kwamfutar kan ɗauki kusan rabin ƙarfin wutar bango, amma da amfiya ƙanƙanuwa. Shi ne dalilin da ya sa za ka taɓa bayan kwamfuta ko bakin USB ka ji tana ɗan jan ka, musamman idan ba takalmi a ƙafarka a kan siminti. Wannan alama ce cewa at ya yanke a wani wuri: ko a wayar, ko a adafta, ko a ekstenshan, ko kuma soket ɗin bango ba a taɓa haɗa masa at ba. Na ƙarshen nan ya yi yawa a gidaje da shaguna, kuma babu wayar da za ta gyara shi, sai mai aikin wayarin.

Filogi da fis

A Najeriya da Gana filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila aka fi amfani da shi, mai lambar ƙa'ida BS 1363. Na gaske yana da alamomi da ido ke gani. Ƙafafu biyun ƙasa rabinsu na gindi a naɗe yake da roba, don kada yatsa ya taɓa wuta lokacin zarewa. Ƙafar sama, wato ta at, ta fi su tsawo, kuma ƙarfe ce zalla daga gindi har baki. Idan ka ga an naɗe gindinta da roba, jabu ne, domin robar na iya hana ta haɗuwa da at na cikin soket. Idan kuma ƙafar roba ce gaba ɗaya, wannan na caja ne da kayan da ba sa buƙatar at, ba na kwamfutar tebur ba. Daga ƙafafun ƙasa zuwa bakin filogi dole a samu aƙalla milimita 9.5, don haka ƙaramin filogin da ƙafafunsa ke dab da gefe bai cika ƙa'ida ba.

Fis ɗin ciki lambarsa BS 1362, tsawonsa inci ɗaya, jikinsa na tangaran ne, cikinsa cike da yashi mai laushi da ke kashe tartsatsi idan ya ƙone. Na jabu sau da yawa babu yashin, sai ya fashe maimakon ya yanke wuta salin-alin. Aikin fis kare wayar ne. Na amfiya 5 ya dace da kwamfutar ofis, na 10 ya dace da babban fawa-fak a kan waya 1.0mm². Na amfiya 3 kan ƙone ba gaira ba dalili, saboda fizgar wutar da fawa-fak ke yi a daidai lokacin kunnawa. Kada a taɓa maye gurbin fis da silin waya ko takardar sigari ko ƙusa. Idan sabon fis ya sake ƙonewa nan take, akwai abin da ya haɗe a ciki, a nemo shi.

A Nijar, Kamaru da Chadi kuwa soket mai rami biyu zagayayyu irin na Faransa ya fi yawa, inda ƙarfen at ke fitowa daga jikin soket ya shiga rami a filogi. Irin na Jamus kuma at ɗinsa a gefe yake. Akwai filogin da aka yi ya dace da duka biyun, shi ne ya fi zuwa da kwamfutocin Turai. Waɗannan ba su da fis, bireka suka dogara da ita. Abin da ake yawan yi, a tura tsinke ko murfin biro a ramin sama na soket irin na Ingila a cusa filogin Turai, yana da illa uku: at bai haɗu ba, babu fis, kuma zagayayyun ƙafafun suna buɗa ƙarafan cikin soket har ya daina kama filogi da kyau. Ka sayi waya mai filogin da ya dace da bangonka, ka rabu da adafta.

Tambarin hukumomin gwaji irin su ASTA, BSI, VDE ko UL yana da amfani idan ka gan shi a filogi da kai da jikin wayar, haka ma shaidar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON a Najeriya. Amma ana kwaikwayonsu, don haka su ƙari ne a kan dubawar ido, ba madadinta ba. Ko kayan manyan kamfanoni ma akan samu matsala: a watan Agustan 2014 kamfanin HP ya janye wayoyin cajar laftof kimanin miliyan 6 masu alamar LS-15 a Amurka da Kanada saboda suna zafi har su narke. Idan kana da tsohuwar cajar HP ta wajen 2010 zuwa 2012, ka duba kan wayar ko akwai wannan alamar.

Kwamfutar tokumbo daga Amurka tana buƙatar kulawa ta musamman. Filoginta mai faffaɗan ƙafafu biyu da zagayayya ɗaya na bolt 125 ne, ya kamata a canja wayar. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗan jan makunni da ke bayan tsofaffin fawa-fak, mai 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗaya gefen. Idan yana kan 115 ka saka a wutarmu, nan take za ka ji ƙara da hayaƙi. Ka mayar da shi 230 tun kafin waya ta kusanci bango. Sababbi masu 100-240V ba su da shi, da kansu suke daidaitawa.

Idan dole ta sa za ka ɗaura sabon filogi a kan waya mai kyau, ga launukan. A tsarin Turai mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa L, gefen fis. Shuɗiya nutral ce, tana zuwa N. Mai kore da rawaya ita ce at, tana zuwa ƙafar sama. A tsarin Amurka baƙa ce mai wuta, fara nutral, koriya at. Ka bar ta at ta fi sauran tsawo kaɗan, don in an fizge wayar ta zama ta ƙarshen tsinkewa, kuma maɗaurin filogi ya kama robar waje, ba ƙananan wayoyin ba. Wayar da ɓera ya ci ko ƙofa ta datse ba a ɗaure ta da salatif, a yar da ita.

Gwaji da mita, sannan gwaji da aiki

Da wayar a zare daga ko'ina, ka ɗauko mitar gwajin wuta ta masu gyara, ka sa ta a wurin auna om, wato ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Fara haɗa bakunan mitar biyu ka ga abin da suke nunawa, yawanci 0.2 zuwa 0.5, ka riƙe wannan adadin. Sannan ka auna daga kowace ƙafar filogi zuwa raminta a ɗaya kan. Ƙafar at zuwa ramin tsakiya, L zuwa L, N zuwa N, galibi an zana haruffan a jikin kan. Wayar gaske mai mita 1.8 ba ta kai om 0.1 ba, don haka kusan abin da ka gani da farko za ka sake gani. Idan ya ƙaru da rabin om ko fiye, ƙarfen ciki siriri ne ko ba jan ƙarfe ba ne. Lanƙwasa wayar a gindin filogi da gindin kai kana aunawa, idan adadin yana tsalle to silla sun karye a nan. Auna tsakanin ƙafafun su da kansu, bai kamata ko biyu su haɗu ba. Na ƙarshe, cire fis ka sake auna L. Dole ta yanke. Idan har yanzu tana haɗe, fis ɗin na ado ne, an zagaye shi daga ciki.

Bayan ka haɗa, ka warware wayar, kada ka bar ta a naɗe ko a ƙarƙashin darduma ko ledar ɗaki, domin zafi ba zai samu hanyar fita ba. Ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na kamar rabin awa, sannan ka taɓa wayar, da filogin, da kan da ke bayan kwamfuta. Ɗan ɗumi kaɗan ba komai. Zafin da ke sa ka janye hannu, ko laushin roba, ko ƙaurin ƙuna, ko wari mai kama da ƙarnin kifi, ko ƙarar tsit-tsit, kowanne ka ji ka kashe daga bango. Idan filogi kaɗai ke zafi, ka gwada wani soket, mai yiwuwa ekstenshan ɗin ne ya saki. Mai amfani da UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, kuma, wayar da ke tsakaninsa da kwamfuta mai C14 a gefe ɗaya da C13 a ɗaya gefen ita ma duk waɗannan sharuɗɗan sun hau kanta.

Duk abin da muka faɗa a kan wayar waje ne. Wayoyin cikin akwati na fawa-fak irin wanda ake cire wa wayoyi a mayar, su ba a musanya su ko kaɗan. Gefen da ke shiga madabod (babban faifan cikin kwamfuta) ko hadis (ma'ajiyar bayanai) ko katin hoto tsarinsa ɗaya ne a ko'ina, amma gefen da ke shiga fawa-fak kowane kamfani da yadda ya jera nasa, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Wayar wani za ta iya shiga daidai, ta aika bolt 12 inda ake jiran bolt 5, ta ƙona hadis da duk abin da ke cikinsa a kunnawar farko. Haka kuma kai mai rami 8 na furosesa da mai rami 8 na katin hoto ba ɗaya ba ne, jerin wutarsu ya saɓa. Idan ɗaya ta ɓata, ka nemi wadda kamfanin ya ce ta dace da lambar samfurin fawa-fak ɗinka, idan kuma ka canja fawa-fak, ka cire tsofaffin wayoyin duka ka sa waɗanda suka zo da sabon.